Shaidar da Na Bayar a Kan Nafi'u

Shekara biyar ke nan da aka kai ƙanena Nafi'u makwancinsa, a wata maƙabartar Musulmi da ke bayan gari a nan Maryland ta Amurka, inda ba shi da kaka ba shi da kawu. Lokacin annobar korona ne. Maza ƙalilan aka yarje wa su raka shi, kowa da takunkumi a fuska, ni kuwa ina zaune a falona a Laurel da carbi a hannu, babu mai shigowa ya ce mini ya haƙuri. Ban taɓa rubutu a jarida ba. Iyakar karatuna sakandare, kuma tun da aure ya kawo ni ƙasar nan aikina gida ne da yara. Abin da ya sa na ɗauki biro yau shi ne akwai wata shaida da na bayar a kan Nafi'u a gaban mahaifiyarmu, shaidar ba daidai ba ce, kuma ya bar duniya mahaifiyar tamu tana fushi da shi a kan maganar bakina. Waɗanda suka ji maganar a lokacin suna da yawa, daga Kano har nan. Ba zan iya bin su gida-gida ba, shi ya sa na zo inda za su karanta.

Nafi'u ne autanmu. Innarmu sana'arta haɗa turaren wuta da humra, a cikin gida take yi, dillalai su zo su sara. Tun yana ƙarami ta daina aiken kowa kasuwa sayen kayan haɗi sai shi, saboda hancin da Allah ya ba shi. A miƙo masa kwalbar miski, ya buɗe, ya kawar da kai kaɗan, ya sake shinshinawa, ya ce wannan an sirka shi da mai. Masu shago in sun hango shi sai su ce ga sufeto nan, a ɓoye na jabu. Inna takan ce idonta ya yi kuskure, hancin Auta bai yi ba. Ta fi son sa a cikinmu, duk mun sani, ba mu kuma ji haushi ba, don shi ma ba ya cin abu bai rage mana ba.

Ni na riga shi zuwa Amurka. Da ya samu gurbin karatu ya biyo baya, Inna ta kira ni ta ce, "Kulu, ga amana nan na turo miki. Ke ce uwarsa a can. Abin da idonki ya gani, nawa ne ya gani." Na riƙe wannan magana riƙon da ya wuce ƙima.

Karatun bai tafi yadda aka so ba, sai ya kama wanke-wanke a wani gidan cin abinci a cikin birnin Washington. Gidan gasasshen naman shanu ne na manyan mutane, irin wanda lauyoyi da 'yan siyasa ke zuwa, inda yanka ɗaya a faranti ake yi masa hidima kamar ango. Daga wanke-wanke ya koma kai abinci, daga nan muka ji an ƙara masa girma. In na tambaye shi wane aiki yake yi yanzu, sai ya ce, "Yaya, zaɓe nake yi musu," ya yi dariya ya shiga wasa da yara. Ni a tunanina nama yake zaɓa. Ɗan Kano a gidan nama, me zai zaɓa in ba nama ba? Ya kama gida a Gaithersburg, yana azuminsa, yana zuwa Juma'a, ranar Lahadi kuma ya zo ya cinye mini tuwo har ya kankare tukunya. Ban taɓa jin wani wari a jikinsa ba sai turaren da Inna ke aiko masa.

Wata shekara ofishin maigidana suka shirya walimar ƙarshen shekara da rana, aka ce kowa ya zo da iyalinsa, ashe a gidan naman za a yi. Ban so zuwa ba, amma maigidan nawa, Abban Ummi, ya ce kifi kawai za mu ci mu tashi, kuma mu ba Nafi'u mamaki, tunda bai san za mu zo ba. Wurin duhu-duhu ne ko da rana tsaka. Tebura da farin ƙyalle, kowane mutum da kofunan gilashi uku masu dogayen ƙafafu a gabansa. Bango guda kuwa, tun daga ƙasa har rufi, kwalabe ne a kwance cikin ramuka, bakinsu na kallon jama'a. Na ture kofunan da ke gabana gefe, na shiga neman tsari a zuciyata.

Can na hango shi a ɗaya ƙarshen zauren, cikin baƙar kwat, ya ba mu rabin baya. Shugaban ofishin yana riƙe da wani littafi mai bangon fata, Nafi'u ya sunkuya yana nuna masa da yatsa, mutumin yana gyaɗa kai kamar ɗalibi a gaban malami. Aka kawo kwalba. Nafi'u ya buɗe ta, ya zuba kaɗan a kofi, ya juya kofin, abin ciki ya zagaya ja wur kamar zoɓo. Sai ya ɗaga shi zuwa fuskarsa ya sunkuyar da kai. Ya ɗan jima a haka. Da ya ɗago ya gyaɗa kai, ya zuba wa mutumin a nasa kofin. Tsakanina da shi akwai tebura wajen shida da wani ginshiƙi. Iyakar abin da na gani ke nan: kofin giya ya tashi ya je fuskar ƙanena. A gidan da na taso kuwa, kofi ba ya zuwa fuska sai don a sha.

Na miƙe ban ci komai ba, na je na zauna a mota. A hanya Abban Ummi ya ce in bari sai mun ji ta bakinsa. Na ce masa gani ya kori ji. Washegari da safe, kafin yara su tashi, na kira Kano.

Ban ce mata yana aiki a inda ake sha ba. Ban ce daga nesa na hango ba. Cewa na yi, "Inna, Auta giya yake sha, da idona na gani." Ta yi salati mai tsawo. Sau uku tana tambayata, da idonki? Sau uku ina cewa da idona. Magana zarar bunu ce, na sha jin haka tun ina yarinya, amma ban san nauyinta ba sai da na zari tawa.

Inna ta kira shi a ranar. Ya rantse mata bai taɓa kai giya bakinsa ba. Ta ce masa yayarsa ba ta taɓa yi mata ƙarya ba, kuma ga shi ya haɗa sha da rantsuwar ƙarya. Ta ce ran da ya bari ya neme ta, kafin nan ba ta da ɗa a Amurka sai mace. Kafin mako ya zagayo kawunnai sun ji, matan unguwa sun ji, maganar ta tsallako teku ta dawo nan ta shiga gidajen mutanenmu. Akwai wata yarinya a Fort Washington da aka fara maganar aurensu, iyayenta suka janye cikin mutunci ba su faɗi dalili ba. Kowa ya san dalilin.

Ranar Lahadin da ta biyo ya zo gidana. Bai zauna ba, ya tsaya a ƙofar kicin da hularsa a hannu.

"Yaya Kulu, me kika gani?"

"Abin da ka yi."

"Ki zo ranar Talata da rana, lokacin da dillalai ke kawo kaya. Ko daga bakin ƙofa ne ki tsaya, ki ga yadda nake aikin."

"Ƙafata ba za ta ƙara taka gidan giya ba."

"To, ai shi ke nan. Tuwon ma an soke ni ke nan?"

Da murmushi ya faɗa. Na juya masa baya. Miyar kuka ce a kan wuta, na kuma san da yunwa ya zo, amma ban zuba masa ba. Ya shafa kan yara ya fita.

Bai bar aikin ba, wannan ba zan ɓoye ba. Ko takardun zamansa ne suka ɗaure shi da gidan, ko son aikin ne, ko kuwa taurin kan wanda aka yi wa ƙazafi, ban sani ba, domin ban tambaya ba. Wata goma sha huɗu muka yi a haka. Mukan haɗu a masallaci ranar Idi ya gaishe ni har da rusunawa, in amsa a daƙile.

Sai annoba ta zo, aka rufe gidajen abinci, kowa ya shige ɗaki. Wata rana da azahar ya kira ni. Ya ce, "Yaya, hancina ya tafi. Na buɗe humrar Inna na shinshina, kamar ruwan famfo." Dariya yake yi, amma ina jin numfashinsa yana sarƙewa tsakanin kalma da kalma. Ya ce in gaya wa Inna an rufe gidan, aikin da kansa ya bar shi, ko za ta saurare shi. Na ce masa in ya warke ya neme ta da kansa ya tuba da bakinsa, hakan ya fi. A ganina tarbiyya nake yi masa. Bayan kwana uku aka ɗauke shi zuwa asibiti, inda ba a barin kowa ya shiga. Kwanansa tara a can wata nas ta kira ni da hantsi, tun daga yadda ta ambaci sunana na gane.

Da aka gaya wa Inna, abin da ta iya cewa shi ne Allah ya yafe masa abin da ya sha. Daga ranar ta kife kaskon turarenta, ba ta ƙara haɗawa ba. Duk shekara idan lokacin ya zagayo sai ta sa a toya waina a raba, a yi masa sauka, tana roƙon Allah ya sassauta masa abin da aka tanadar wa mashaya.

Wata huɗu da rasuwar wata mata ta buga mini ƙofa, ta ja baya ta tsaya nesa kamar yadda ake yi a lokacin. Ta gaishe ni da Hausar mutanen Filato, ta ce sunanta Rifkatu, ita ce mai tarbar baƙi a gidan naman, shekara bakwai suna aiki tare. Ta kawo wani kwali da ta kwaso daga ɗakin ma'aikata: dardumar salla, buta, da littattafan rubutu guda biyar. Muka zauna a baranda, ita a wancan gefe ni a wannan. Ta yi ta yabonsa, ni kuwa don kada ta ce ina rufa wa ɗan'uwana laifi, sai na ce Allah dai ya yafe masa shan da ya yi. Ta sauke takunkuminta ta dube ni.

"Wane sha, Maman Ummi? Nafi'u? Mutumin da in an ɗiga giya a miya ko cokalin ba ya taɓawa?"

Ita ta bayyana mini abin da na ƙi zuwa in gani. Ranar Talata dillalan giyar inabi sukan zo da kwalabensu, a sauka ɗakin ƙasa, a jera kofuna a kan dogon tebur, a ajiye bokiti a tsakiya. Manaja da shugaban masu girki da dillalan kowa ya kurɓa, ya kuskure baki da ita, ya tofar a bokitin. Nafi'u shi kaɗai ba ya kurɓa. Ya kara kofin a jikin farin ƙyalle ya duba launi, ya juya shi, ya shinshina, ya ajiye. Ya shinshina hannun rigarsa don hancin ya huta, ya sake ɗauka. Sannan ya ce wannan a saya, wannan a mayar, wannan ta dace da nama mai kitse, wannan sai da tsoka zalla. Da farko dillalan ba'a suke masa, suna cewa ga liman ya zo zaɓen giya. Sai wata rana ya ce a mayar da wata mai tsadar gaske, wai matoshin kwalbar ya ruɓe, yana jin warin ɗakin da ruwa ya kwana a ciki. Mutum uku da suka ɗanɗana suka ce lafiyarta ƙalau. Aka bar kofin a buɗe rabin awa, warin ya fito fili kowa ya ji. Daga ranar mai gidan ya danƙa masa littafin nan mai bangon fata, wato jerin giyar da gidan ke sayarwa, ya zama shi ke sawa shi ke cirewa. An sha matsa masa ya je jarrabawar da ake ba masu wannan aiki takardar shaida, ya ƙi, saboda a can dole sai an kai baki.

Abin da na hango a walima kuwa, in ji ta, ƙa'idar gidan ce. Kafin a zuba wa babban baƙo, mai kula da kwalabe zai tabbatar wadda aka buɗe ba ta lalace ba. Wasu da harshe suke yi. Shi da hanci.

"Ai duk gidan an sani, har masu shara," in ji Rifkatu. "Yaya za a yi a ce ba ki sani ba? Shi fa cewa yake mana yayarsa ta fi kowa saninsa."

Ban san yadda na raka ta mota ba.

Littattafan nan suna cikin akwatina har yau. A kowane shafi ya rubuta sunan kwalba da harshen masu ita, a ƙarƙashi kuma bayaninsa da Hausa, don amfanin kansa. Wata ya ce: ƙasa bayan ruwan fari, da ɗan goriba, ta yi wa haƙarƙari. Wata: tsamiyar da ba ta nuna ba, a bar ta a kwance shekara biyu. Wata: fatar da aka fito da ita daga majema, da kanumfari, tsofaffi za su so ta. Akwai wadda ya yi wa kaca-kaca, ya ce an cika mata ƙamshin itace don a ɓoye rauninta, kamar turaren da aka danne da sandal, tsadarta ba dalili, a cire ta daga jeri. A wani shafi kuma layi biyu kawai: ɗakin Inna ranar da take soya farcen haɗa turare, sai da na fita waje na sha iska. Kano ce gaba ɗayanta yake shinshinowa a cikin kwalaben mutane, su suna biyan kuɗi ba su sani ba.

Na bi shafi-shafi ina neman inda ya rubuta cewa zai bar aikin. Ban samu ba, kuma ba zan ce na samu ba. Na riga na yi masa ƙari sau ɗaya.

Na kai maganar wurin malamin da muke ɗaukar karatu a hannunsa ranar Asabar. Bai lallashe ni ba. Ya ce zaɓar giya da zuba wa wasu ba aikin Musulmi ba ne ko da bai kai baki ba, wannan kuma tsakanin Nafi'u ne da Ubangijinsa mai yalwar rahama. Amma abin da na ɗora masa alhali bai yi ba, wannan tsakanina ne da Nafi'u, kuma haƙƙin bawa ba ya faɗuwa da istigfari kaɗai. Ya ce in koma inda na ɓata in gyara. Inda na ɓata kuwa zuciyar Inna ce.

Daga wannan rana na zauna tsakanin tsoro biyu, kullum suna cin raina kamar gara a cikin azara. Inna ta haura saba'in, ga hawan jini. In na gaya mata, to na gaya mata ke nan cewa ta juya wa autanta baya wata goma sha huɗu yana rantse mata da gaskiya, ya mutu bai ji muryarta ba. Ina tsoron zuciyarta ta tsaya ina kan waya. Ina kuma tsoron bakinta, domin na ga abin da fushinta ya yi wa wanda ta fi so, ina ga ni. In kuma na yi shiru, ko ita ta riga ni ko ni na riga ta, akwai ranar da Nafi'u zai tsaya a gabana ya sake tambayata me na gani, a wurin da ba a juya wa kowa baya. Duk lokacin da waya ta yi ƙara da sassafe na ga lambar Najeriya, sai in ce shi ke nan, ta tafi da shi a ranta yana mashayi. Sau biyu na je gida a cikin shekarun nan. In zauna a bakin gadonta, in buɗe baki da niyya, sai in ji kaina ina tambayarta ciwon ƙafa. Har wainar sadakar na taya rabawa da hannuna.

Ko a gidana abin ya canza ni. In yara suka yi rigima aka ce in raba, na daina cewa na gani. Sai in ce ga abin da nake zato. Su suna ɗauka sanyin tsufa ne.

Nakan tambayi kaina me Nafi'u zai ce da ya ga yau. Mako uku da suka wuce 'yata Ummi, wadda yanzu take jami'a, ta matsa sai ta kai ni wani gidan nama na halal da aka buɗe ba nisa da mu. Babu giya ko ɗigo, amma komai an kwaikwayo: farin ƙyalle, kofuna masu dogayen ƙafafu, har da littafin abin sha mai bango, cike da zoɓo da citta da lemo iri-iri da sunaye masu tsawo. Ummi ta ce mini da Turanci, kamar yadda yaranmu ke amsa mana, wai yanzu ko a gidajen giyar ma waya ake nuna wa kwalba ta faɗi darajarta. Na san da yana nan da ya yi dariya ya ce waya ba ta da hanci. Da ya ɗaga zoɓon nan ya ce kanumfari ya yi yawa, zoɓon bara ake so a rufe. Na yi tunanin da Allah ya ja kwanansa zuwa yau, da wataƙila ya samu inda zai kai wannan baiwa ba tare da ta raba shi da uwarsa ba. Ina cikin wannan tunani sai na hango wata yarinya da hijabi a can teburin ƙarshe, ta juya kofinta ja wur, ta kai shi fuska ta sunkuyar da kai. Na zuba mata ido sosai. Wallahi daga inda nake ban iya cewa ta sha ko ba ta sha ba. Naman ya zo ya huce a gabana.

Washegari na bari sai da na san an yi la'asar a Kano, akwai mutane a tsakar gida ko da wani abu zai faru, sannan na kira. Bayan gaisuwa na ce, "Inna, maganar da na gaya miki a kan Auta ba daidai ba ce. Bai taɓa sha ba. Shinshinawa yake yi, irin yadda yake yi miki a kasuwa. Daga nesa na hango, na ce miki na gani." Na gaya mata komai, har zuwan Rifkatu, har saƙon da ya ba ni yana kwance na riƙe ban isar ba. Ina jin ana daka a maƙwabta, ina ƙirga numfashinta.

"Tun yaushe kika sani?"

"Shekara biyar ba kaɗan, Inna."

Sannan ta gaya mini abin da ban taɓa sani ba. Ta ce kowace Juma'a bayan an sauko daga masallaci yakan kira ta. Wayar tana kan tabarma kusa da ita, tana kallonta har wayar ta gaji da kuka. Ko sau ɗaya bai tsallake ba. Ta ce ita a ganinta in ta ɗaga ta saya masa wuta.

"Auta na yafe masa duniya da lahira," in ji ta. "Aikin da ya yi ma ni zan roƙa masa. Shi ne zai yafe mini. Ke kuwa, Kulu, ban yi miki baki ba, ba kuma zan yi ba. Amma ki ba ni lokaci."

Ta ajiye wayar.

Don haka ina shaida wa duk wanda ya ji daga bakina, ko daga bakin wanda ya ji daga gare ni, cewa Nafi'u mashayi ne: na janye wannan magana, ban gani ba. Iyayen yarinyar Fort Washington, kawunnanmu na Kano, matan da muka zauna ta'aziyya ta waya aka riƙa jan numfashi in an ambace shi, ku sauke masa wannan kaya ku mayar kaina. Aikin da ya yi, ya yi shi, Allah ya san abin da zai yi da bawansa. Sha kuwa bai sha ba.

Nafi'u bai bar mata ba, bai bar ɗa ba. Gidan naman ya sake buɗewa, na ji wani ne ke riƙe da littafin mai bangon fata, ya canza jerin tun tuni. Hancin da aka san shi da shi ma ya riga shi tafiya. In na auna abin da ya rage daga gare shi, ba a cikin littattafan akwatina yake ba. Abin da ya rage shi ne mutum ya yi wata goma sha huɗu ana kiransa mashayi maƙaryaci, bai je wurin kowa ya ce yayarsa ce ta cuce shi ba, bai kuma yi zuciya da uwarsa ya daina nemanta ba. Ni Juma'a biyu na yi ina kiran Inna, wayar tana ƙara har ta katse, amma ji nake kamar ƙirjina zai tsage. Shi ya yi kusan sittin.

Allah ya ji ƙan Nafi'u, ya yalwata masa kabari, ya sa ya shaƙi ƙamshin Aljanna tun daga nesa. Jibi Juma'a. Ban san ko za ta ɗaga ba, ban ma san ko ni da ita duk za mu kai ba, kuma wannan ne ke hana ni cin abinci. In Allah ya nuna mana, da an sauko daga masallaci a Kano zan kira.